Lambun Unguwa a Zongon Kumasi: Yadda Ɗalibai Za Su Kafa Shi Ya Ɗore

A gidajen haya na Aboabo, Asawase da Sawaba, idan kuɗin cefane ya gaza, miya ce ke fara jin jiki. Garin tuwo dai ana saye ko ta halin ƙaƙa, amma ayoyo ya ragu, kifi ya ragu, ruwa ya ƙaru a tukunya. Yara su cika ciki da tuwon zafi su kwanta, jikinsu kuwa bai sami abin da ke ƙara jini ba. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022, iyaye mata da yawa sun koyi tsinka miya ba don suna so ba. Don haka lambun da ɗalibai za su kafa a unguwa, ko 'yan jami'ar KNUST ne da ke maƙwabtaka da Zongon Ayigya, ko 'yan sakandare, ko reshen Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Ghana, ya kamata ya nufi tukunyar miya kai tsaye. Masara da shinkafa sai gona mai faɗi. Ganye kuwa ɗan fili ya ishe shi, kuma cikin mako huɗu zuwa shida an fara tsinka.

Gana ta san wannan aiki. A 1972 gwamnatin Acheampong ta yi shelar kowa ya ciyar da kansa, makarantu da bayan gidaje suka cika da shuka. Dattawan unguwa da suka ga zamanin suna nan, kuma da yawansu daga Bawku, Bolga, Yendi ko Wa suka taso da fartanya a hannu. Ku nemi biyu daga cikinsu tun kafin ku sayi iri.

Lissafi kafin alkawari

Lambun da za mu bayyana mai komi goma ne, kowane komi faɗin mita 1, tsawon mita 5. Wurin shuka ya tashi murabba'in mita 50. Idan aka haɗa da hanyoyi, wurin taki, wurin renon iri da mazaunin tanki, fili mai mita 12 a tsaye da 12 a kwance ya wadatar.

Komi shida na ganye ne: alefu (alayyahu), ayoyo (lalo), ganyen wake da sure, wato yakuwa. Sauran huɗun: ɗaya kuɓewa, ɗaya barkono da gauta, ɗaya albasa mai ganye, ɗaya dankalin Hausa. Komin ganye da ya sami taki da ruwa yana ba da kilo 1 zuwa 2 a kowane murabba'in mita. Mu ɗauki tsakiya, kilo 1 da rabi: komi ɗaya kilo 7 da rabi ke nan. Idan ana shuka komi ɗaya kowane mako, daga mako na shida kowane mako akwai komin da ya isa yanka. Idan kowane gida zai karɓi rabin kilo sau biyu a mako, lambun zai ɗauki gida bakwai.

Gida bakwai. Wannan adadin za ku faɗa a gaban jama'a, kada zumuɗi ya sa a ce hamsin. Lambuna da yawa kunyar alkawarin da aka kasa cikawa ce ke kashe su: mutane su zo da leda su koma hannu wofi, gobe babu mai zuwa ban-ruwa. Akwai hanyar faɗaɗa amfanin, za mu zo kanta.

Fili da izininsa

Mafi yawan ƙasar Kumasi tana ƙarƙashin sarautar Asante, kuma filin da kuke gani kamar kango yana da mai shi, ko da shekara goma bai leƙo ba. Wuri mafi sauƙi shi ne harabar makaranta, bayan masallaci ko makarantar Islamiyya, ko filin wani Alhaji da bai tashi gini ba. Ku fara da liman da Sarkin Zongo ko mai unguwa, sannan asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma. Kada ɗalibai su je su kaɗai, dattijon unguwa ya shige gaba, ya yi gaisuwa, sannan shugaban ɗalibai ya yi bayani a taƙaice: "Ranka ya daɗe, aron wurin muke nema na shekara biyu, ganye za mu shuka don marayu da gwauraye, ba za mu kafa bulo ko ɗaya ba." Abin da aka amince a rubuta shi a takarda ɗaya: tsawon aro, cewa ba gini ba dasa manyan itatuwa, da cewa mai fili zai ba da sanarwar wata uku idan yana son kayansa. Mai fili, liman da wakilin ɗalibai su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Rashin wannan takarda shi ke sa a wayi gari a tarar da tifar yashi a kan kuɓewar da ta fara fure.

Kafin ku yi murna da fili, ku tambayi tsofaffin maƙwabta me aka taɓa yi a wurin. Tsohuwar bola, garejin fita, wato na makanikai, wurin fasa batir ko ƙona wayar lantarki suna barin darma da baƙin mai a ƙasa. Wanki ba ya fitar da su duka, dahuwa ba ta kashe su, kuma yara ƙanana su suka fi cutuwa. Wanda ya san yadda ƙasar Suame Magazine, matattarar makanikan Kumasi, take ya san abin da muke nufi. Idan akwai kokwanto, ku ɗebi ƙasa daga wuri goma a warwatse, zurfin santimita 20, ku gauraya a bokiti mai tsabta, ku kai rabin kilo Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso, ku ce a duba tsami da kuma ƙarafa masu guba. Idan ba halin gwaji, a bar ƙasar wurin, a yi noman buhu da ƙasar da aka kawo daga waje.

Sai rana da ruwa. Wurin ya sami rana aƙalla awa shida. A haƙa rami zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan na nan, saiwa za ta ruɓe a Yuni. Filin da ke gangaren rafin Aboabo ko bakin babban gwata a haƙura da shi ko da kyauta ne, domin ambaliya ɗaya za ta shafe komaye ta bar ƙazanta a kan ganye.

Shinge kafin iri. Awaki da tumakin zongo ba su da makiyayi, kuma ana gab da Layya sai su ninka. Tsawon shinge mita 1 da rabi, ragar waya a kan turakun gora ko katako, tazarar mita 2, a binne gindin ragar santimita 10 saboda kaji. Akuya ɗaya na iya cinye komin alefu kafin a idar da sallar Azahar. Ƙofa ta kasance mai kwaɗo, makulli uku: ɗaya wurin ɗalibai, biyu wurin mazauna unguwa.

Ruwa

Nan ne ya kamata ku fi daɗewa kuna tunani. Kumasi na da damina biyu: babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan tsagaitawa a Agusta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, kuma a lokacin ne ganye ke tsada a kasuwa, wato lokacin da gidaje suka fi bukatar lambun shi ne lokacin da ya fi wuyar riƙewa.

A rani kowane murabba'in mita na shan kimanin lita 5 a yini. Komi ɗaya lita 25, lambun duka lita 250, wato galan Kufuor goma idan mai lita 25 ne. Tanki mai lita 1,000 kwana huɗu kawai zai yi. Ku yi wannan lissafin ku ninka shi da kwana casa'in na hunturu, sannan ku tambayi kanku daga ina ruwan zai fito kuma wa zai biya. Idan amsar ba ta fito fili ba, a rage komaye zuwa biyar a rani, a rufe sauran da ciyawa su huta. Komi biyar mai rai ya fi goma masu ƙishi.

Rufin kwano abokin aiki ne. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne. Rufin aji mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 1,000, a ce 800 su shiga tanki bayan asara. A sa indararo da raga a bakinsa, a bar ruwan farko na minti biyar zuwa goma ya zube a ƙasa domin shi ke ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye. Tankin ya zauna a kan dakali mai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashin famfonsa. Kowane tanki, duro ko rijiya a rufe ruf: saboda sauro, kuma saboda yara, domin duro mai ruwa rabi ya isa ya halaka ɗan shekara biyu.

Rijiyar masallaci ko burtsatsen makaranta sun fi komai, idan an yi yarjejeniya kan kuɗin wuta. Ruwan gwata da na rafukan cikin gari, Aboabo, Subin da Sisa, kada ya taɓa wannan lambu. Yana ɗauke da bayan gida, kuma mutanen da za ku ba ganyen su ne masu raunin jiki: masu ciki, jarirai, tsofaffi. Ruwan alwala kuwa yana da kyau idan an raba magudanarsa da ta makewayi kuma ba a wanki da omo a wurin. A tace shi ta duro mai tsakuwa da yashi, a zuba shi a gindin kuɓewa, gauta da zogale, ba a kan ganyen da za a yanka ba.

A yi ban-ruwa da sassafe da kuma bayan La'asar, da buta mai kan feshi. Zuba ruwa da bokiti yana tone iri yana daddanne ƙasa. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan da danshi, a tsallake wannan karon. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa kauri santimita 5 tsakanin layuka na rage ƙishi sosai, tana kuma hana ruwan sama fantsama laka a ganye.

Komaye da taki

A arewa ana yin komi a kwarin ƙasa don ya riƙe ruwa. A Kumasi akasin haka ake yi: a ɗaga shi santimita 20 sama da hanya don ruwan damina ya wuce. A ja igiya, a kafta ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, a tsince kwalba, leda da ƙusa, a kwashe ƙasar hanya a ɗora a kan komi. Hanya rabin mita. Idan filin gangare ne, komaye su gitta gangaren, kada su bi shi. Faɗin mita 1 yana da dalili: hannu na kaiwa tsakiya daga kowane gefe, ba mai taka komi. Ɗalibai goma sha biyu da fartanya, adda, cebur, manjagara da baro ɗaya za su gama wannan cikin Asabar biyu. Kowa ya sa takalmin roba da safar hannu. Wanda ƙusa ta soka ya wanke da sabulu ya je asibiti a ranar don allurar tetanos.

Kumasi na da arzikin kashin kaji daga gonakin kajin da ke kewaye da ita, kuma aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta ishi lambun zango guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi ɗanye. Ɗanyen kashin kaji na da zafi, yana ƙone saiwar tsiro, ganye ya yi kamar an babbaka gefensa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A ruɓar da shi tukuna. A yi tsibi mai mita 1 ta kowane gefe a inuwa: busasshiyar ciyawa ko ganye santimita 15, ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya santimita 10, kashin kaji santimita 5, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya kai ƙugu. Ragowar kabeji da ɓawon doya daga kasuwar Asawase kyauta ake samu idan an yi magana da magajiyar masu sayarwa. A dai tsince leda. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku a zare ta: idan da zafi, aiki na tafiya, idan sanyi ƙalau kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan, idan tana wari tana yauƙi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshiyar ciyawa a juya. A riƙa juyawa kowane mako biyu, a rufe da buhu ko ganyen ayaba saboda ruwan sama. Cikin mako takwas zuwa goma sha biyu zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Don haka tsibin taki shi ne aikin farko, tun ana zirga-zirgar neman izini.

Kowane komi ya sami kilo 10 na ruɓaɓɓen taki, kimanin bokiti biyu, a cakuɗa shi da ƙasar sama mako ɗaya kafin shuka, a kuma ƙara bokiti ɗaya bayan kowane girbi. Garin katako daga Sokoban yana da kyau a hanya, amma idan aka binne shi ɗanye a komi yana janye abincin shuka yayin ruɓewa, ganye ya koma rawaya. Jar ƙasar Kumasi takan yi tsami. Tokar murhu tafin hannu ɗaya a murabba'in mita, sau ɗaya a zango, ta isa. Masu waakye da masu koko suna zubar da ita kullum.

Abin da za a shuka da yadda za a shuka shi

Alefu shi ne na farko saboda saurinsa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya ƙaramin cokali ɗaya da busasshen yashi cokali goma, ya ishi komi guda. A ja layuka tazarar santimita 20, zurfin da bai kai santimita 1 ba, a barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan. Yana fitowa cikin kwana uku zuwa biyar. A mako na biyu a rage shi ya zama tazarar santimita 10. Wanda aka cire a dasa a buhu. Ɗalibai sukan ji tausayin ragewa, sai tsiro ya yi cunkoso, ya yi siriri, ya yi fure da wuri. A mako na huɗu zuwa biyar a tuge ko a yanka a bar santimita 15 ya sake tohowa.

Ayoyo yana da taurin kai wajen fitowa, saboda ɓawon irinsa mai ƙarfi ne. A ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa na daƙiƙa biyar zuwa goma, a tsame, a baza a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar. Idan ya wuce wannan lokacin a ruwan zafi ya dahu; idan ba a tsoma ba, ya fito jefi-jefi har tsawon makonni. Layi da tazara kamar alefu, yanka a mako na biyar zuwa shida.

Wake ana tsinkar ganyensa daga mako na uku zuwa huɗu, kuma yana gyara ƙasa, don haka a sa shi bayan ayoyo. Sure yana jure ƙishi fiye da sauran, shi ya dace da hunturu. Kuɓewa a jiƙa irinta ta kwana, a sa ƙwaya biyu a rami zurfin santimita 2, layi biyu a komi tazarar santimita 60, tsakanin rami da rami 40. Ta fara 'ya'ya wajen mako na bakwai zuwa takwas, kuma dole a riƙa tsinka kowane kwana biyu ko uku. Idan aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki, uwar ta daina haihuwa.

Barkono da gauta sai an rene su mako huɗu zuwa shida a ƙaramin komi mai rumfar ganyen kwakwa, sannan a dasa da yamma, tazarar santimita 60. Idan kuka ga tsiron reno yana faɗuwa, gindinsa ya yi siriri ya yi baƙi, ruwa ya yi yawa ko iri ya yi kauri: a rage ban-ruwa, a ɗage rumfa iska ta shiga. Mako ɗaya kafin dashe a cire rumfar gaba ɗaya don su saba da rana.

Dankali ku nemi mai jan ciki, irin Apomuden da Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Fumesua ta fitar, saboda sinadarin bitamin A da ke taimakon idon yara. A yanki reshe santimita 30, a binne kashi biyu cikin uku, tazarar santimita 30. Wata uku zuwa huɗu a haƙa, ganyensa ma miya ne. A kusurwar da inuwa ta fi yawa a sa gwaza don ganyenta, wato kontomire. A jikin shinge a jera zogale, a riƙa sare kansa a tsayin mita 1 don ya yi rassa kada ya yi wa komaye inuwa.

Tumatir da kabeji muna ba da shawarar a bar su a shekarar farko. Tumatir na shan wahalar cututtuka a daminar Kumasi, kabeji kuma tsutsarsa ta saba da magani har sai an yi ta feshi. Latas ma a bar shi: ɗanye ake cinsa, kuskure kaɗan a ruwa ya zama ciwo.

Ƙwari da cuta

A zagaya lambun sau biyu a mako ana ɗaga ganye ana duba bayansa. Darɓa na taruwa a kan wake da barkono, ƙananan ƙwaro masu tsalle na huda ganyen kuɓewa da sure, tsutsa na naɗe ganyen alefu. Maganin dogon yaro ya ishi yawancinsu: a daka ƙwayar irinsa giram 500, a jiƙa a lita 10 ta kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, kowane kwana bakwai. Ba ya ajiyuwa, a haɗa na ranar kawai. A dakata kwana uku kafin yanka saboda ɗaci. Farar nan mai zanen rawaya da baƙi da ke fitowa a rani tana taruwa wuri ɗaya da sassafe, a kakkaɓe ta cikin bokitin ruwan sabulu. Katantanwa a tsince ta da fitila bayan Isha'i.

Za a sami mai kawo muku ragowar maganin feshin gonar koko da kyakkyawar niyya. A gode masa, kada a yi amfani da shi. Ba a yi shi don ganyen da za a ci cikin mako ba. Idan abu ya fi ƙarfinku, ku ɗauki samfurin ganye ku je ofishin malaman gona na Asokore Mampong ko na ƙaramar hukumarku.

Idan gauta ko barkono ya yanƙwane da rana alhali ƙasa na da danshi, a tuge ɗaya. Saiwa mai ƙulli-ƙulli alamar tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani. Tana son ayoyo, kuɓewa da gauta, don haka kada ɗayansu ya bi ɗaya a komi guda, a raba su da albasa ko alefu. Idan saiwar lafiya take, a yanke kara a tsoma a kofin gilashi mai ruwa: farin abu kamar madara na zubowa, cutar yaushi ce. Ba ta da magani. A tuge a ƙone, a wanke fartanya, kada barkono, gauta ko tumatir su koma komin sai bayan shekara uku.

Wa zai yi ban-ruwa ranar jarrabawa

Ɗalibi baƙo ne a unguwa ko da a nan aka haife shi, domin kalandar makaranta ke juya shi. Makon farko mutum talatin za su zo. Lokacin jarrabawa uku. Dogon hutu babu kowa. Alefu kuwa kwana biyu ba ruwa a Janairu ya tafi. Saboda haka kwamitin lambu ya zama mutum bakwai, huɗu mazauna unguwa, aƙalla biyu mata, uku ɗalibai. Ma'aji ya fito daga unguwa.

A rani akwai juyi goma sha huɗu a mako, safe da yamma. Kowane juyi lita 125 ne, kimanin buta takwas mai lita 15, mutum biyu su gama cikin rabin awa. A rubuta suna biyu a kowane juyi, ɗalibi da ɗan unguwa, a liƙa a ƙofar lambu a kuma tura a WhatsApp. Wanda ba zai zo ba shi zai nemo madadinsa kafin Magariba ta jiya. A farkon zango a ɗauko jadawalin makaranta a yi wa makonnin jarrabawa da hutu alama, a miƙa juyinsu ga matasan unguwa da ɗaliban Islamiyya tun da wuri, a kuma daina shuka sabon alefu mako biyu kafin dogon hutu idan hannu zai yi ƙaranci. A cika komaye da dankali da wake masu haƙuri. Da azumi a mayar da aiki mai nauyi bayan Asuba, a shirya yankan ganye ya dace da cefanen buɗa-baki.

Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi ya zauna a lambu cikin leda: ranar shuka, komi na nawa, me aka sa, kilo nawa aka yanka, me ya lalace. A sayi ƙaramin sikeli na rataye. Kowane ɗan aji uku ya ɗauki ɗan aji ɗaya ya koya masa, domin ranar da manya suka tafi bautar ƙasa kada ilimin ya bi su.

Rabo

Ɗalibai ba su san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Matan unguwa da liman sun sani. Su za su zaɓi gidajen bakwai, a fifita masu marayu, masu ciki da masu shayarwa, da tsofaffin da ba mai kula da su, Musulmi ko Kirista. A sake duba jerin kowane wata uku. A yanka da sanyin safiya, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a ɗaure rabin kilo rabin kilo, ɗaliba ta kai har ɗaki ta ce, "Mma, ga na miya daga lambunmu." Ba layi a ƙofar lambu, ba hoton mai karɓa. A ɗauki hoton komaye da masu aiki idan ana son nuna wa masu tallafi.

Ganye duka na gidaje ne. Albasa, barkono da rarar tsiron dashe a sayar wa masu abinci na kusa, kuɗin ya shiga asusun iri, ruwa da gyaran shinge, a karanta lissafinsa a gaban kwamiti kowane wata.

Hanyar wuce gida bakwai ita ce buhu. A sami buhun shinkafa mai kilo 50, a haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A tsayar da gwangwani marar gindi a tsakiya, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja gwangwanin sama a maimaita har buhun ya cika. Tsakuwar ce za ta kai ruwa har ƙasa. A huda gefe tazarar santimita 15, a soka tsiron alefu ko reshen dankali, a sa albasa ko barkono a sama. Buhu ɗaya na ɗaukar tsiro kusan ashirin, yana shan lita 3 zuwa 5 a yini, ruwan wankin shinkafa ma ya yi. A ɗora shi a kan bulo inda rana ke kaiwa kuma akuya ba ta kaiwa, bayan an nemi yardar mai gida. Rana na cinye buhu cikin watanni, sai a juye ƙasar a sabo a ƙara taki. Kowace Asabar ɗalibai huɗu su kafa buhu biyu a gida ɗaya, su koma bayan kwana uku su maye gurbin tsiron da ya mutu.

Wannan zai bukaci iri da yawa, don haka a bar gindin alefu biyar mafi kyau da na ayoyo biyar su yi 'ya'ya, da kuɓewa goma su bushe a jikin uwa. Kan alefu ya isa yanka idan an girgiza shi iri ya zubo a tafin hannu. A shanya a inuwa mako ɗaya, a murje, a sheƙe, a zuba a kwalba busasshiya da ɗan toka, a rubuta suna da wata a jiki. Irin fakiti mai alamar F1 ba a ajiye 'ya'yansa, domin ba sa fitowa kamar uwarsu. Kwalaben su zauna a ɗakin ɗaya daga cikin matan kwamiti, nesa da murhu da danshi.